A bar kaza cikin gashinta? Ban da a ɗakin kwamfutar makaranta

Akwai wata magana da na sha ji daga bakin malamai 'yan uwana masu koyar da kwamfuta, a nan Kumasi da kuma wuraren bita inda muke haɗuwa da na wasu garuruwa: "Malam, tunda tana aiki, kar ka taɓa." Ana faɗin haka ne a kan na'urorin ɗakin kwamfuta, musamman kayan aikin da ake sarrafawa ta baƙin allon nan da ake rubuta umarni a ciki, wanda masu sana'ar ke kira taminal. Su Python da pip, su Git da curl da ssh, da shi kansa Bash ɗin da ke karɓar umarnin. Wani ne ya zo ya girka su shekara huɗu ko biyar da suka wuce, ya karɓi kuɗinsa ko ladansa ya tafi, tun daga ranar kowa yake tsoron ya sabunta wani abu ya lalace a ce shi ne. Ni dai ina ganin wannan tsoron yana cutar da yaranmu fiye da yadda muke zato. Masu tsoron suna da tasu gaskiyar, zan kuma zo kanta, amma bari in fara da tawa.

Ga iyaye da ba su taɓa zama gaban irin wannan allo ba, ga bayanin a taƙaice. Yaron da ke koyon rubuta manhaja ba da linzami yake yawancin aikinsa ba. Rubutawa yake yi: ɗauko mini kaza, gudanar da kaza, aika wannan aikin can. Kowane umarni akwai wata ƙaramar manhaja da ke cika shi. Su ne almakashi da keke da tef ɗinsa, kamar dai na tela. Sai dai almakashin tela in ka ajiye shi shekara biyar a cikin akwati, ka goge tsatsa ka wasa, zai yanka yadi kamar jiya. Waɗannan kuwa kullum magana suke yi da wasu na'urori a wasu ƙasashe, su kuma waɗancan ba sa jiran kowa. Kai ba ka taɓa komai ba, amma duniyar da na'urarka ke hulɗa da ita ta canza.

Misali ɗaya ya isa ya nuna haka. Ranar 30 ga Satumban 2021 wa'adin wata tsohuwar takardar shaidar tsaro ya ƙare, wadda ɗimbin shafukan intanet masu amfani da Let's Encrypt suka daɗe suna jingina da ita. An sanar tun da wuri, sababbin na'urori ba su ji komai ba. Amma tsofaffin wayoyi da kwamfutocin da aka bari da tsohon zubin OpenSSL sai suka wayi gari suna ƙin shiga shafukan da suke shiga jiya, suna cewa ba su yarda da shaidar shafin ba. Babu wanda ya taɓa su. Malamin da bai san labarin ba zai ce intanet ce ta lalace, ko kuwa yara ne suka saka wani abu.

Abin da ya fi damuna shi ne abin da ke faruwa a zuciyar ɗalibi. Ka ɗauki yaro ɗan shekara goma sha huɗu, ya aro wayar yayansa da daddare ya kalli darasin Python a YouTube, ya kwafi aikin a bayan littafinsa na lissafi, layi bayan layi, da safe ya zo makaranta da ɗoki ya buga shi a kwamfuta. Mai darasin ya yi amfani da umarnin match, wanda bai shigo Python ba sai a zubi na 3.10 da ya fito a watan Oktoban 2021. Kwamfutar makaranta kuma tana kan Ubuntu 20.04, wanda ya zo da Python 3.8. Sai allo ya watso masa saƙon kuskure da Turancin da ko malamin sai ya karanta sau biyu. Yaron nan bai yi kuskure ko ɗaya ba. Amma me zai ɗauka? Zai ɗauka kansa ne ba ya ja, wannan harkar ta 'ya'yan masu kuɗi ce. Na ga yara masu kaifin ƙwaƙwalwa sun janye jiki a kan abin da bai kai wannan ba, kuma yaran zango ba su da yawan damar da za mu riƙa zubar da ita a kan lambar zubi.

Har yanzu ma akwai littattafai da takardun darasi da ke yawo hannu zuwa hannu waɗanda aka rubuta su a kan Python 2, alhali masu shi sun rufe littafinsa tun ranar 1 ga Janairun 2020. A Python 2, in ka raba 5 da 2 amsa 2 za ta ba ka. A Python 3 za ta ba ka 2.5. Ka ga malamin da ke koyar da tsohon, ɗalibin da ke gwadawa a sabon, sai a yi ta musu a aji a kan lissafin da ɗan aji uku ya sani. Wato ba na'ura kaɗai ke tsufa ba, takardar darasin malam ma tana tsufa. GitHub ya daina karɓar kalmar sirri wajen tura aiki ta Git tun ranar 13 ga Agustan 2021, sai da mabuɗin ssh ko wata lambar izini ta musamman, amma za ka iske takardar da aka raba wa ɗalibai tana cewa su rubuta suna da kalmar sirri. Su rubuta, a ƙi su, su sake, a ƙi su.

Sai batun tsaro, wanda a nan ne abokan aikina suke yi mini dariya. "Haba Malam, wane ɗan kutse ne zai bar bankuna ya zo makarantar zango?" To ai ɗan kutsen bai san makarantarmu ba, kuma ba ya buƙatar ya santa. Manhaja yake saki tana bin na'urori ɗaya bayan ɗaya tana ƙwanƙwasa ƙofa, wadda ta buɗe ta shige. Cutar WannaCry da ta ɓarke a watan Mayun 2017 ta shiga ƙasashe fiye da 150, ta durƙusar da aiki a asibitocin Ingila har aka riƙa ɗage wa marasa lafiya ranar ganin likita. Microsoft kuwa ya riga ya fitar da maganin ɓarakar tun watan Maris, wata biyu kafin nan. Waɗanda ta kama, yawancinsu waɗanda ba su saka maganin ba ne.

A kayan taminal ma haka abin yake, kuma ya fi ban tsoro don su ne ginshiƙin na'urar. A watan Satumban 2014 aka bayyana wata ɓaraka a cikin Bash, aka yi mata laƙabi da Shellshock. Tana cikin manhajar tun 1989, shekara ashirin da biyar ba wanda ya lura. Cikin 'yan kwanaki da bayyana ta masu kutse suka fara gwada ta a kan duk na'urar da suka samu. A watan Janairun 2021 kuma kamfanin Qualys ya gano wata a cikin sudo, umarnin da ke bai wa mutum ikon mai gida a kan na'ura. Wannan ta yi kusan shekara goma a ɓoye, kuma abin da take yi shi ne ta bai wa kowane ƙaramin mai amfani da na'urar cikakken iko ba tare da kalmar sirrin mai gida ba. Yanzu ka tuna yadda ɗakin kwamfutarmu yake: na'ura ɗaya, yara arba'in suna karɓa-karɓa a kanta cikin mako, malam yana buga tambayoyin jarrabawa a kanta da yamma, akawun makaranta yana shiga imel ɗinsa, wani ya soka filas ɗin da ya zagaya shagunan buga takardu biyar. Ba sai baƙo ya zo daga Rasha ba. Yaro ɗaya mai son gwaje-gwaje ya isa, kuma kowane aji yana da irinsa. Ni ban ga laifin yaron ba, son sani ne ya kawo shi ajin tun farko.

Abin lura a nan shi ne, ranar da aka fitar da maganin ɓaraka ita ce ranar da duniya duka ta san da ɓarakar. Kafin nan mutum ɗaya ko biyu ne suka sani. Bayan nan an rubuta ta dalla-dalla, kowa na iya karantawa. Saboda haka na'urar da ba a sabunta ba, hatsarinta ƙaruwa yake yi kowane wata ko da tana zaune a ƙarƙashin ƙyalle.

To, yanzu gaskiyar masu cewa kar a taɓa.

Sabuntawa tana ɓata abu, wannan ba ƙarya ba ne. Python 3.12 ya cire wani tsohon sashe mai suna distutils wanda manhajoji da yawa suka dogara da shi wajen girkawa. Python 3.13 ya cire cgi, wanda tsofaffin darussan gina shafin intanet suke amfani da shi. Malamin da ya tashi tsakiyar zangon karatu ya ɗaga na'urorinsa zuwa sabon zubi, zai iya shiga aji ranar Litinin ya iske rabin misalansa ba sa tashi. Kuma ba mu manta da ranar 19 ga Yulin 2024 ba, lokacin da wata sabuntawa daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ta kifar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5 a rana ɗaya, jirage suka kasa tashi, bankuna da asibitoci suka tsaya. Waɗannan ba sakaci suka yi ba, sabuntawar ce ta shigo da kanta ta kashe su.

Labarin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na xz, wata ƙaramar manhajar matse fayil da kusan kowace na'urar Linux ke ɗauke da ita. Mutum ɗaya ne, Lasse Collin, ya yi shekaru yana kula da ita a matsayin aikin sa kai. Sai wani mai amfani da sunan Jia Tan ya bayyana yana taimakawa, gyara nan gyara can, har kusan shekara biyu, har aka yarda da shi aka ba shi ikon fitar da sabon zubi. A zubi na 5.6.0 da 5.6.1 ya dasa wata ɓoyayyiyar ƙofa da za ta bai wa mai mabuɗinta damar shiga na'urori ta hanyar ssh. Wani injiniya mai suna Andres Freund ne ya lura cewa shiga ta ssh tana ɗan jinkiri, kamar rabin daƙiƙa, ya ƙi barin abin ya wuce, ya bi diddigi har ya tono ta, ya sanar ranar 29 ga Maris 2024. Rabin daƙiƙa fa, jama'a. Mu da muka saba jiran shafi ya buɗe har mu gama shan koko, wa zai lura?

Amma dubi waɗanda abin ya taɓa. Masu bin zubin gwaji ne, waɗanda ke karɓar sabon abu da zafinsa, irin su Debian na gwaji da Fedora mai shirin fitowa da Kali. Debian tsayayye da Ubuntu mai dogon wa'adi ba su kai ga ɗaukar gurɓataccen zubin ba. Darasin da na ɗauka a nan shi ne abu biyu ne muke haɗawa a ƙarƙashin kalma ɗaya. Akwai toshe ɓaraka a cikin zubin da kake kai, akwai kuma ƙaura zuwa sabon zubi gaba ɗaya. Na farko kamar liƙe rufin da ke yoyo ne, ba a jiran rani. Na biyu kamar tashi daga gida zuwa wani gida ne, ba a yinsa ranar da ake da baƙi. Masu cewa kar a taɓa sun ji tsoron na biyun sai suka bar na farkon ma. Masu rawar kai kuma, yawanci samarin da suka fara ɗanɗana Linux, suna yin na biyun kowane mako suna kiransa ci gaba.

Lambobin zubi ma suna faɗa maka wanne ne wanne, in ka saba karanta su. Yawancin manhajoji suna da lamba uku, misali 3.12.4. In ta ƙarshe ce ta motsa, gyara ne, da wuya ya taɓa aikinka. In ta tsakiya ko ta farko ce, tsaya ka karanta bayanin abin da ya canza tukuna. Wannan darasin minti goma ne, ban kuma ga dalilin da zai hana a koya wa ɗan ƙaramar sakandare shi ba.

Masu kayan sun ma sauƙaƙa mana, don sun buga kalandarsu. Ubuntu yana fitar da zubi mai dogon wa'adi duk bayan shekara biyu a watan Afrilu, yana kuma kula da shi kyauta shekara biyar. Na 20.04 wa'adinsa na yau da kullum ya ƙare a watan Mayun 2025, na 22.04 zai kai 2027, na 24.04 zai kai 2029. Python yana fitar da sabo duk watan Oktoba, kowanne yana da shekara biyar, shi ya sa 3.8 ya fita daga kulawa a Oktoban 2024. Node.js kuwa, zubinsa mai dogon wa'adi wata talatin yake samu. Ba gaibu ba ne. Shugaban makaranta zai iya rubuta waɗannan ranakun a jikin bango kusa da jadawalin jarrabawa.

Ga yadda nake tafiyar da ɗakin da ke hannuna, ba don ita ce kaɗai hanya ba. Ranar Juma'a bayan an tashi, ko Asabar da safe, ana toshe ɓaraka. A Ubuntu umarni biyu ne, kuma mutane da yawa suna tsayawa a na farko su ɗauka sun gama: apt update jerin sunayen abin da ya fito kawai yake ɗaukowa, apt upgrade shi ne yake girkawa. Na'ura ɗaya nake fara yi wa, in gwada misalan darasin mako mai zuwa a kanta, in sun tashi sai sauran su biyo. Ƙaura zuwa sabon zubi kuwa sai dogon hutu, bayan an kwashe aikin yara an ajiye a wani wuri. Akwai kuma littafi, na takarda, irin na sidi kaɗan da ake sayarwa a bakin makaranta, inda ake rubuta rana da na'ura da abin da aka yi mata. Ranar da aka yi mini canjin wurin aiki, wanda zai gaje ni ba zai zo ya iske ɗaki mai cike da asirai ba. Rashin wannan littafin shi ne ainihin tushen "kar ka taɓa". Mutum ba ya taɓa abin da bai san yadda aka ɗaura shi ba.

Na san abin da mai karatu zai ce, don ni ma a nan nake zaune: data fa? Wuta fa? Wannan tambaya ce ta gaskiya, kuma masu rubuta darussa a Amurka da Jamus ba su san da ita ba. Su a wurinsu sauke megabait ɗari uku kamar shan ruwa ne. A wurinmu, na'ura ashirin sau ɗari uku, kuɗin cefanen wani ne, kuma sau da yawa daga aljihun malamin yake fita ta hanyar kunna wa na'urorin intanet ɗin wayarsa. Amma akwai dabara. Manhajar apt-cacher-ng tana mayar da na'ura ɗaya ta zama rumbu: ita za ta sauke abu sau ɗaya, sauran goma sha tara su ɗiba daga wurinta ta wayar cikin ɗaki. Pip ma yana iya sauke ƙunshin manhajoji a ajiye a filas, a girka su a inda babu intanet. Wanda ya tuna ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse a gaɓar Afirka ta Yamma, Ghana da maƙwabtanta suka yi kwanaki suna lalube, ya san amfanin ajiye kayanka a gida. Ɗakin da ke da rumbunsa ya ci gaba da darasi a makon nan.

Wuta kuma, dumso ba ya sallama kafin ya shigo. In ya ɗauke ana tsakiyar girkawa, na'urar kan tashi tana ƙorafin an bar aiki rabi. Yawanci umarnin dpkg --configure -a yana ƙarasa abin da ya tsaya. Amma dai hikima ita ce na'urar rumbun ta zama laftof mai batir, ko a haɗa ta da ƙaramin batirin ajiyar wuta, kuma kar a fara ƙaura babba da yamma lokacin da aka san unguwa ta saba shiga duhu.

Wani abin da ke tafe da ƙarfi shi ne batun Windows 10. Microsoft ya daina ba shi gyaran tsaro na kyauta ga kowa da kowa tun ranar 14 ga Oktoban 2025, sai wanda ya shiga tsarin ƙarin wa'adi. Windows 11 kuma yana neman wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0 da injin da bai tsufa sosai ba, abin da yawancin kwamfutocin gwanjo da ke ɗakunanmu da gidajenmu ba su cika ba. Na'urorin nan lafiyarsu ƙalau, allo yana haske, madannai suna aiki. Ra'ayina shi ne makarantar da ba ta da kuɗin sababbi ta mayar da su Linux mai dogon wa'adi a hutu mai zuwa, maimakon ta bar yara a kan tsarin da babu mai liƙe masa rufi. Ga mai koyon rubuta manhaja ma riba ce, don taminal ɗin Linux shi zai iske a wurin aiki. Na san akwai malaman da za su ce manhajar karatu da tambayoyin jarrabawa sun fi sabawa da Word da Excel. Gaskiya ne, kuma ana iya barin na'ura biyu ko uku saboda wannan, a cire su daga intanet.

Yaran da ba su da kwamfuta sam, a waya suke koyo, da Termux. Su ma abin ya shafe su. Zubin da ke Play Store ya tsaya cak a 2020 ya yi shekaru a haka, masu manhajar suna ta nuna wa mutane F-Droid da GitHub, amma yaro ina ya sani? Inda ya saba ɗauko WhatsApp nan zai je. Ya girka, ya rubuta pkg upgrade, kurakurai su cika masa allo. Kalma ɗaya daga malami ta isa ta raba shi da wannan wahalar, in malamin ya sani.

A kan pip kuma ina da ƙorafi a kan masu darussan intanet. Sababbin Debian da Ubuntu suna hana ka girka ƙunshin Python kai tsaye a cikin na tsarin na'ura, sai su ce ka buɗe keɓaɓɓen wuri da venv. Dalili mai kyau ne: tsarin na'urar kansa yana amfani da Python, in ka cusa masa zubin da bai sani ba kana iya karya abin da ba ka yi niyya ba. Sai ka ga wani a bidiyo yana koya wa yara yadda za su tsallake gargaɗin da ƙarfi, ko su sa sudo a gaban komai. Wasu kuma su ce kwafi wannan layin ka liƙa, layin da zai ɗauko rubutu daga wani shafi ya gudanar da shi nan take ba ka ga abin da ke ciki ba. An sha kama gurɓatattun ƙunshi a rumbunan pip da npm masu suna kusan iri ɗaya da na gaskiya, harafi ɗaya ne bambanci, suna jiran mai gaggawa. Ni a ajina doka ce: kowane aiki da nasa venv, da fayil ɗin da ya lissafa sunan kowane ƙunshi da lambar zubinsa. Yaro ya kai aikin gida ko ya kai shi gasa a wani gari, zai tashi kamar yadda ya tashi a aji.

A kwalejin horon malamai an koya mana tsara darasi da auna fahimtar ɗalibi da yadda ake riƙe aji mai yara sittin. Kula da na'urorin da za mu koyar a kansu bai samu ko mako ɗaya ba, kuma da na tambayi abokai da suka fito daga wasu kwalejojin, labarin kusan ɗaya ne. Ana ɗauka aikin wani mai gyara ne da za a kira. Wane mai gyara? Wanda ke kasuwa gwaninta a canza allo da batir take, in ka ce masa Git ya tsufa zai tambaye ka ko wasa ne na waya.

Saboda haka maganata ta fi zuwa ga mutum uku. Shugabannin makarantu su sa wannan aiki cikin jadawali, awa biyu a mako da sunan wani malami, a rage masa wani nauyin a madadinsa. Ƙungiyar iyaye da malamai, wadda ke iya tara kuɗin fenti da na kujerun bikin yaye ɗalibai, ta ware kuɗin data na wata-wata ga ɗakin kwamfuta, a rubuce, kar ya zama roƙo. Sai 'yan uwanmu na Turai da Amurka da ƙungiyoyin da ke aiko da kwamfutoci, Allah ya saka da alheri, amma a riƙa tambaya kafin a ɗauki hoton miƙa kaya: wa zai kula da su, da wane kuɗi, har zuwa yaushe? Na'ura goma da kuɗin kulawa na shekara uku sun fi na'ura talatin da za a lulluɓe da ƙyalle. Na san ɗakin da aka buɗe da kiɗa da jawabai, bayan shekara biyu makullinsa yana aljihun mai gadi saboda ba wanda ya san kalmar sirrin mai gida.

Yaran kansu su ne ba mu amfani da su. A kowane zango ina zaɓar ɗalibai huɗu, mata biyu maza biyu, su ne masu duba zubi. Ranar Juma'a su bi na'urori su rubuta python3 --version da git --version, su cika littafin, su karanta mini bayanin abin da zai canza kafin in sa kalmar sirri. Turancin bayanin yana ba su wuya da farko, sai mu fassara shi tare zuwa Hausa ko Asante, wanda duk ya fi kusa. A zangon da ya wuce ɗaya daga cikin 'yan matan ce ta tsayar da mu, ta ce jerin ya nuna za a cire wani ƙunshi da darasinmu na zane ke buƙata. Muka duba, haka ne, muka ɗage na'urar zuwa hutu. Na'urori shida ne suka rage mana a kan 20.04, kuma su huɗun nan ne za su tashe su zuwa 24.04 a dogon hutun bana, in kuɗin data ya fito.